Yadda Ake Tausa Daga Ƙeya Zuwa Diddige

Mutumin da ya fara shan wahala a hannuna da sunan tausa wana ne. Ya dawo daga doguwar tafiya, ya tuƙa mota kusan awa tara, kafaɗunsa sun ɗaure tamau. Ni kuwa lokacin sati uku kacal da fara koyo, ina ji da kaina. Na kwantar da shi, na kafa manyan yatsuna biyu a kafaɗarsa, na danna iya ƙarfina. Yana cije leɓe yana cewa "ci gaba, yana shiga," ni kuma ina murna wai aiki nake yi. Washegari ya tashi wuyansa ba ya juyawa, jini ya kwanta a wurin har ya yi baƙi. Nawa yatsun kuwa, kwana huɗu ban iya riƙe alƙalami da kyau ba.

Da na ba malamina labari bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko ma'aunin nauyi irin wanda ake hawa a tsaya, ya ɗora a kan tebur, ya ce in danna da yatsuna kamar yadda na yi wa wana. Allurar ta kai wajen kilo 8, hannuna na rawa. Sai ya ce in miƙe hannuwana sosai, in ɗora tafin hannu, in ja ƙafa ɗaya baya, in jingina kawai kamar mai leƙa rijiya. Allurar ta wuce kilo 15, ban ji na yi komai ba. Tun daga ranar na daina aiki da ƙarfin yatsa. Nauyin jikina nake ba mutum, a hankali, gwargwadon abin da tsokarsa ta yarda ta karɓa. Tsoka tana da hali irin na mutane: ka faɗa mata da gaggawa ta ƙanƙame, ka zo mata sannu ta buɗe maka ƙofa. Duk dabarun da zan kawo a nan a kan wannan suke tsaye.

Kafin hannu ya sauka

Katifa mai laushi ba ta tausa. Duk nauyin da ka sauke ita za ta shanye, mutumin ya yi ta nutsewa a banza. In babu gadon tausa, ninka bargo biyu ka shimfiɗa a ƙasa, ka yi aikin a durƙushe. In akwai gadon, ga yadda ake auna tsayinsa: ka tsaya kusa da shi, ka saki hannunka ƙasa ka dunƙule, saman gadon ya taɓa dunƙulen. Ya fi haka tsawo, kafaɗunka za su yi aikin da ya kamata nauyinka ya yi. Ya fi haka gajarta, kai ma ka tashi da ciwon baya.

Ɗakin ya kasance da ɗumi, domin jikin da ke jin sanyi ba ya saki. Ka yanke farce, ka cire zobe da agogo. Wanda ya kwanta rubda ciki, a sa masa filo a ƙarƙashin idon sawu don kwankwasonsa ya huta. Wanda ya kwanta rigingine, filon ya koma ƙarƙashin gwiwa. Ka rufe shi da babban tawul, kada ka buɗe sai wurin da kake aiki a kai, ka gama ka mayar. Ka gaya masa inda za ka taɓa tun kafin ka taɓa, kuma ya san cewa in ya ce tsaya, an tsaya ke nan, babu wani "saura kaɗan."

Mai kuwa, ƙaramin cokali ɗaya ya ishi baya gaba ɗaya. Kada ka tsiyaya shi a kan fatar mutum. Zuba a tafin hannunka, murza har ya yi ɗumi, sannan ka shafa. Masu koyo suna son labta mai, sai hannu ya yi ta sulɓewa ya kasa kama tsoka. Ka kuma tambaya ko akwai man da fatarsa ba ta so.

Tambayoyin su ne rabin aikin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi? Akwai zazzaɓi? Yana shan wani magani? An taɓa yi masa tiyata? In mace ce, akwai juna biyu? Sai mu yi yarjejeniya a kan ma'auni daga 1 zuwa 10, inda 10 shi ne zafin da ba a iya jurewa. Ba na wuce 6 ko 7, wato wurin da mutum zai ce "akwai zafi amma da daɗi." Sai dai na koyi kada in dogara da baki kaɗai, wana ya koya mini wannan. Jiki magayi. In ka ga numfashi ya tsaya, ko yatsun ƙafa sun nannaɗe, ko kafaɗa ta hau wajen kunne, ka wuce gona da iri, ko da bakinsa na cewa ka ƙara.

Motsin hannu guda biyar

Abin da duniya ke kira tausar Suwidin shi ne tushe. Ana danganta ta da Per Henrik Ling, wanda ya kafa makarantar motsa jiki a birnin Stockholm a 1813, ko da yake wani likita ɗan Holan, Johann Mezger, shi ake ba yabon tsara motsin hannun da sanya musu sunayen Faransanci da ake amfani da su har yau. A ƙasashen Turai da yawa ma ba a ce mata ta Suwidin, "tausa ta asali" kawai ake cewa. Kuma ba su suka ƙago murza jiki ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya riga ya rarrabe ta a littafinsa na likitanci: mai tauri da mai laushi, wadda ake yi kafin motsa jiki don shirya gaɓoɓi da wadda ake yi bayansa don sauke gajiya.

Na farko shi ne shafa. Ka tsaya a gefen ƙugun mutumin kana fuskantar kansa. Ka shimfiɗa tafin hannunka biyu a kwankwaso, ɗaya a kowane gefen ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba. Ka jingina ka tura sama har kafaɗa, ka zagaya kan kafaɗun, ka dawo ta gefen haƙarƙari da hannu mara nauyi. Tafin hannu gaba ɗaya ya manne da fata, yatsu a sake. A hannu da ƙafa, nauyin yana bin hanyar zuciya ne, daga idon sawu zuwa cinya, daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, saboda jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya suna da 'yan ƙofofi masu buɗewa ta fuska ɗaya, ba a so a tura jini ya bangaje su ta baya.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne sauri. A fatar mutum akwai wasu siraran jijiyoyi da aikinsu jin shafa mai daɗi, kuma bincike ya nuna sun fi amsawa in hannu na tafiyar santimita 1 zuwa 10 a sakan guda. Ka lissafa: bayan babban mutum ya kai wajen rabin mita, ke nan tafiya ɗaya daga ƙugu zuwa kafaɗa bai kamata ta gaza sakan biyar ba, goma ma ya fi. Ka gwada da agogo, za ka sha mamakin irin gudun da kake yi. Shafa ce kuma ke ba ka labarin bayan. A tafiya biyar ɗin farko ba gyara nake ba, bincike nake: ina ya fi ɗumi, ina ya yi tauri, wane gefe ya fi tudu, ina mutumin ya ɗan zabura.

Na biyu cuɗa, kuma a nan ake gane wanda hannunsa ya faɗa. Ka kama tsoka tsakanin babban yatsa da sauran huɗun, ka ɗaga ta daga ƙashi, ka matsa, ka saki, ɗaya hannun ya karɓa kafin na farkon ya gama saki, kamar mai jan guga hannu bayan hannu. Sirrin shi ne a cika hannu. In ka kama da bakin yatsu, mintsini ka yi. Dole fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta manne da jikin, babu rata. Wuraren da suka fi karɓar cuɗa su ne saman kafaɗa, damtse, gefen ƙugu, cinya da sharaɓa. A saman kafaɗa na fi daɗewa, domin nan masu zaman ofis da direbobi da masu ɗinki ke tara gajiyarsu. Tsokar wurin faffaɗa ce, ta taso daga ƙeya, ta bazu zuwa kafaɗu, ta gangara har tsakiyar baya. Wanda ya cuɗa ɗan tudun kafaɗa kaɗai ya bari, kashi ɗaya cikin uku ya taɓa.

Na uku murza. Nan yatsa ba ya zamewa a kan fata. Ka kafa shi, ka motsa fatar da kanta a kan abin da ke ƙarƙashinta, ko a ɗan kewaye ko a gicciye. Wani likita a Landan, James Cyriax, shi ya shahara da murza jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi a gicciye, kamar mai kaɗa tsirkiya da yatsa. Tana aiki a gefen allon kafaɗa, da gindin ƙeya, da gefen gwiwar hannu ga wanda ya gaji da riƙo. Ka ɗora ɗan yatsan tsakiya a kan manuni don su ƙarfafa juna, ka yi minti ɗaya ko biyu, ka bi da shafa.

Na huɗu da na biyar, bubbugawa da girgizawa, ba na ba su lokaci sosai. Bubbugawa da gefen hannu ko da tafi a kife kamar ƙoƙo tana farkar da jiki, ta dace da ɗan wasa kafin ya shiga fili, ba ta dace da wanda ya zo neman barci ba. Wuyan hannu ya kasance a sake, kuma ba a yin ta a kan ƙashi ko a kan ƙoda. Girgizawa kuwa, ka riƙe damtse ko sharaɓa ka kaɗa a hankali. Ina amfani da ita ga mutumin da ya kasa sakin jiki, wanda in ka ɗaga hannunsa sai ya taya ka ɗagawa.

Ƙulli

Duk wanda ya taɓa tausa ya ci karo da shi: ɗan dunƙule kamar tsakuwa a cikin wata igiyar tsoka da ta miƙe, in ka danna mutum ya ce "nan ne!" Likitoci biyu 'yan Amurka, Janet Travell da David Simons, su suka tsara iliminsa, suka fitar da babban aikinsu a 1983. Travell ɗin ita ce likitar Shugaba Kennedy a fadar gwamnati, mutumin da ya sha fama da ciwon baya. Har gobe masana na jayayya a kan ainihin abin da ƙullin yake, amma abu ɗaya da suka rubuta na gan shi da idona sau ba adadi: inda ake jin ciwo ba lallai nan ne gidansa ba. Ƙulli a saman kafaɗa yakan aika ciwo ta gefen wuya, ya bi bayan kunne, ya tsaya a gefen goshi. Mutum ya zo da ciwon kai, ka danna kafaɗa, ya ce ga ciwon kan nan ya taso. Wani a gefen ɗuwawu yakan aika zogi har ƙasan ƙafa, a ɗauka babbar jijiya ce ta danne.

Ga yadda nake yi. Ba na zuwa masa sai na ɗumama wurin da shafa da cuɗa na aƙalla minti biyar. Sannan in ɗora babban yatsa a miƙe, gaɓarsa ba a lanƙwashe ba, ɗaya hannun ya rufa masa baya. In ce wa mutumin ya ja numfashi, yana saukewa ina nutsawa. Da na kai 6 ko 7 sai in tsaya cak. Ba murzawa, ba ƙarawa, jira kawai. Tsakanin sakan 30 zuwa 90 yawanci zai ce zafin ya sauko zuwa 3 ko 4, ni ma in ji abin ya ɗan narke a ƙarƙashin yatsa. Wani lokacin in ƙara nutsawa kaɗan in sake jira. Sau biyu, iyaka uku, sai in janye a hankali yadda na shiga, in shafe wurin, in miƙar da tsokar na sakan 30. In an yi minti ɗaya da rabi zafin bai sauka ba, ko yana ƙaruwa, ka ɗaga hannu. Ba taurin kai ake yi da shi ba. In kuma abin da ka taɓa yana bugawa kamar zuciya, jijiyar jini ce. In ya ba da wani abu kamar lantarki yana gudu zuwa yatsu, jijiyar ji ce. In kuwa dunƙule ne mai mirginawa a wuya ko hammata ko matsematsi, kaluluwa ce. Duka ukun ba naka ba ne.

Wanda ba shi da mai yi masa zai iya da ƙwallon tanis: ya sa ta tsakanin bayansa da bango, ya nemo wurin, ya jingina, ya yi numfashi. Bango ya fi ƙasa, don ya fi sauƙin rage nauyi.

Tausa mai zurfi, wadda mutane ke nema suna cewa "a yi mini da ƙarfi," ba wata dabara ce daban ba. Shafa ce aka rage mata gudu, aka rage mai, aka canza makami. Maimakon tafin hannu sai a yi da dunƙulen hannu a sake, ko da faɗin hannu daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ka ɗora shi a kan doguwar tsokar da ke bin gefen ƙashin baya, ka jingina, ka bari ya yi tafiya da kansa yadda tsokar ke saki, santimita ɗaya ɗaya. Tsinin gwiwar hannu kuwa a bar shi sai an ƙware, kuma sai a tsoka mai kauri irin ta ɗuwawu, domin gwiwa ba ta ji, ba za ta gaya maka ta hau ƙashi ba.

Kusa da ita akwai aikin tantani, wato farin yadin nan da ya lulluɓe kowace tsoka ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Ida Rolf a Amurka ta gina tsari guda a kansa, na zama goma. Ana yi babu mai ko kaɗan: ka ɗora hannu biyu a gicciye, ka nutsa kaɗan, ka ja fatar ta fuska biyu har ka ji ta tsaya, ka riƙe minti ɗaya da rabi ko biyu. Mutane na jin sauƙi sosai. Amma ni ban yarda da masu cewa hannunsu yana "warware" tantani kamar yadda ake warware zare ba. Wanda ke gefen cinya, misali, yana da taurin da hannun mutum ba zai tsawaita shi ba. Abin da na fi gaskatawa shi ne ƙwaƙwalwa ce ke sassauta riƙon da ta yi wa wurin.

Waɗanda ba sa buƙatar mai

Akwai mutanen da ba sa son cire riga, ko ba sa son maiƙo. Dabarun gabashin Asiya sun fi dacewa da su. Shiyatsu ta Japan, ma'anar sunan danna yatsa, Tokujiro Namikoshi ya buɗe makarantarta a Tokyo a 1940. Ƙa'idarta mai sauƙin faɗi ce: nauyi ya sauka a tsaye, ba a karkace ba, a riƙe sakan uku zuwa biyar, a ɗaga, a matsa gaba. Ka durƙusa a gefen mutum, ka ɗora tafin hannu biyu a gefen ƙashin baya, ka yi ta tafiya da su kamar mai rarrafe, daga kafaɗa zuwa ƙugu, kana sauke nauyi lokacin da yake sauke numfashi. Wannan kaɗai, minti goma, ya isa ya sauke wa mutum gajiyar yini, kuma shi nake fara koya wa duk wanda ya ce in nuna masa abu ɗaya.

Ta ƙasar Tailan, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2019, kuma ake koyar da ita a wurin ibadar Wat Pho da ke Bankok, ta haɗa dannawa da miƙar da gaɓoɓi. Abin da nake arowa daga gare ta: mutum na rigingine, ka ɗaga gwiwarsa ɗaya zuwa ƙirjinsa, ka jingina a hankali har ya ce ya isa, ka riƙe sakan 30. Sauran lanƙwashe-lanƙwashen da hawa kan baya da ƙafa, kada ka kwaikwaya daga bidiyo. Tuwina ta ƙasar Sin kuma tana da wani mirgina bayan hannu a kan tsoka da ake shafe watanni ana koyo.

Sai wata da ta sha bamban da duk waɗannan, tausar rage kumburi. Emil Vodder ɗan Danmak da matarsa Estrid suka tsara ta a Faransa, suka gabatar da ita a Paris a 1936. Hanyoyin ruwan jiki da take bi suna dab da ƙarƙashin fata, saboda haka nauyinta bai wuce abin da zai motsa fata ba, in ka danna ka toshe su. Ana yi wa matan da hannunsu ya kumbura bayan tiyatar kansar mama. Aikin wanda ya yi horo na musamman ne, don kumburin da ya fito daga ciwon zuciya ko ƙoda ko shigar ƙwayoyin cuta ba a tura shi da hannu.

Tafin ƙafa kuwa, ina son tausarsa ƙwarai. Ƙashi 26 ne a kowace ƙafa, suna ɗauke da mutum yini guda babu godiya. Ka riƙe diddige da hannu ɗaya, ka bi tafin da dunƙulen ɗayan daga diddige zuwa gindin yatsu, ka ja kowane yatsa a hankali. Mai jin cakulkuli, ka riƙe shi da nauyi, taɓawa sama-sama ce ke tayar masa. Amma taswirar nan da Eunice Ingham ta yaɗa a shekarun 1930, wai nan hanta ce nan ƙoda ce, ba a samu hujjar da ta tabbatar da ita ba. Ban taɓa gaya wa kowa na gyara masa hanta ta ƙafa ba.

Haka ma zancen fitar da guba daga jiki. Hanta da ƙoda ke wannan aikin. Sinadarin da ake ɗora wa laifin tsamin jiki bayan motsa jiki yana barin tsoka da kansa cikin awa guda ko makamancin haka. Abin da tausa ke yi ya fi kusa da bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo a 1965: saƙon taɓawa yana iya rage saƙon zafi tun a laka, kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa wanda ya bugi gwiwa yake murza ta ba tare da an koya masa ba. A 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga sabon ciwon ƙugu kafin a kai ga magani. Sauƙin na ɗan lokaci ne, in mutum ya koma irin zaman da ya jawo ciwon zai dawo.

Inda ake ɗauke hannu

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini, sati biyu da yi mata tiyata, ta ce sharaɓarta ta hagu ce ta ɗaure, in murza mata. Na duba, ta fi ta dama kauri, da zafi, ta ɗan yi ja. Na ce ba zan taɓa ba, ta wuce asibiti a ranar. Ta tafi ranta a ɓace. Irin wannan ƙafar tana iya zama gudan jini ne ya daskare a jijiya mai zurfi, in ka murza ya ɓalle, huhu zai nufa, kuma yana kisa. Doguwar tafiya a zaune, doguwar jinya a kwance, tiyata, juna biyu da jego duk suna ƙara haɗarinsa. Ƙafa ɗaya mai kumburi da zafi, babu tausa, babu ciniki.

Ba a yi wa mai zazzaɓi. In wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, wannan gudu ake yi asibiti. Ba a bi ta kan ƙurji, ƙuna, rauni ko jijiyoyin da suka kumbura suka nannaɗe a ƙafa. Sabon targaɗe a bar shi kwana biyu zuwa uku. Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, shafa mara nauyi kawai. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai ba zai iya gaya maka ka yi yawa ba, kai za ka rage da kanka. Mai juna biyu ta kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, kuma ba a nutsa hannu a ƙafafunta. Ciwon kafaɗar hagu ko hannu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ce ake zargi. Ciwon baya da ya zo da mutuwar ƙafa, ko rashin ji a tsakanin cinyoyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, na gaggawa ne.

A jikin mai lafiya ma akwai wuraren da ba a dannawa: gaban wuya da gefensa, inda babbar jijiyar jini ke hawa kai, domin danna ta na iya rage bugun zuciya har mutum ya suma, hammata, matsematsi, ramin bayan gwiwa, kan ƙashin baya, da haƙarƙari biyu na ƙasa, waɗanda ba su kama komai ta gaba ba, ƙoda kuma na ƙarƙashinsu. Kuma kada ka murɗa wa kowa wuya don a ji ƙas. Ba aikin mai tausa ba ne.

In rabin awa gare ni da bayan mutum, ga yadda nake kashe ta. Minti ɗaya hannuna na kwance a kan tawul ba motsi, ya saba da ni. Minti biyar shafa. Minti takwas cuɗa, daga gefen ƙugu zuwa kafaɗu, gefe ɗaya sannan ɗayan. Minti biyar da faɗin hannu a gefen ƙashin baya. Minti shida ga ƙulli, biyu ko uku da suka fi damunsa, sauran su jira wani zuwan. Minti uku a gindin ƙeya, da bakin yatsu, ƙananan kewaye. Ragowar shafa ce, kowace tafiya ta fi ta baya sauƙi har hannu ya rabu da fata. Tun daga farko har ƙarshe hannu ɗaya ba ya barin jikinsa, ko mai zan ƙara.

Ka gaya masa gobe zai iya jin tsami kamar wanda ya yi aikin ƙarfi, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya kai uku, ko wurin ya yi baƙi, kai ka yi yawa, ka rage a karo na gaba. Wanzami ba ya son jarfa, amma kai ma ka riƙa kwanciya ana yi maka, a nan za ka ji yadda hannu mai sanyi da farce da sauri suke a jikin mutum. Kada ya tashi zumbur, jiri na iya ɗibarsa. Ya mirgina gefe, ya sauko da ƙafafu, ya tura da hannu ya zauna, ya yi minti ɗaya a zaune. In ka taɓa ƙafarsa da mai, goge tafin da tawul sosai, har tsakanin yatsu, kafin ya taka ƙasa.